An sayar da ɗakuna, wa ya sayi rufin?

Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta daina bai wa ma'aikata gidan zama, ta koma zuba musu kuɗin haya a cikin albashi, sai aka sa gidajen gwamnati na Abuja a kasuwa. Tsakanin 2005 da 2007, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i ke ministan birnin, dubban gidaje suka fita daga hannun gwamnati suka koma na mutane, kuma ma'aikacin da ke zaune a ciki shi aka fara yi wa tayi. Wasu suka haɗa 'yan kuɗaɗensu, da yawa kuma banki ne ya cike musu. Ba na cikin masu cewa an tafka kuskure. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana wa gwamnati aiki, ya wayi gari da takardar gida a Garki da sunansa a kai, ba shi da abin cewa sai hamdala.

Damuwata tana kan benayen nan na Garki da Wuse, inda gini guda ke ɗauke da iyali shida ko takwas ko fiye, aka yanka wa kowa sashensa. Kowa ya san inda ƙofarsa ta tsaya. To rufin na wa ne? Matakala fa, da tankin ruwa, da sokawe, da ginshiƙan da ke ɗauke da kowa da kowa? A da akwai ofishin da ake kai wa ƙara. Ko da sai an yi wata uku ana zarya kafin a turo kafinta, an dai san mai gidan. Yau masu gidan sun kai takwas, amma in ka tambayi wanda alhakin ginin ke wuyansa sai a yi ta kallon-kallo.

Duk wanda ya taɓa ziyartar ɗan'uwa a irin waɗannan benaye ya san abin da nake faɗa. Ka shiga matakala da rana tsaka sai ka kunna fitilar waya, domin ƙwan lantarkin ya mutu tun bara, kowa na jiran wani ya sauya. Bangon ya yi baƙi da danshi, fenti na ɓarewa, a wani lungun siminti ya zube har rodi ya leƙo, ya yi jawur da tsatsa. Amma da an buɗe maka ƙofa sai ka ga wata duniya: tayil na sheƙi, silin na zamani, na'urar sanyaya ɗaki na ta aiki. Mutanen ba matsiyata ba ne. Abin da ke bayan ƙofa nasu ne, suna kashe masa kuɗi. Abin da ke wajen ƙofa kuwa har yanzu a ransu kayan gwamnati ne.

Da damina ta kama sai rigima ta tashi. Na hawan ƙarshe yana jera bokitai a falo, ya ce a haɗa kuɗi a sauya kwano. Na ƙasa ya ce shi ruwan sama bai taɓa jiƙa masa katifa ba, abin da ya dame shi sokawe ce da ke tumbatsa a bayan tagarsa, kuma ai yawancin ƙazantar daga sama take gangarowa. Na tsakiya ba ruwansa da duka biyun. Biyu daga cikin masu gidan ma ba sa garin, ɗaya na Kaduna ɗaya na Legas, 'yan haya suka zuba, ɗan haya kuwa zai ce maka shi ya biya kuɗin shekara, a nemi mai gida. Akwai kuma wanda ya fasa bango ya faɗaɗa kicin ba tare da ya tambayi kowa ko bangon na ɗauke da nauyi ba. A dandalin WhatsApp na gidan za a yi kwana uku ana musayar magana, a ƙarshe wani dattijo mai gudun fitina ya ciro kuɗi daga aljihunsa a yi faci, a jira wata daminar.

Abin mamaki, wannan ba sabuwar matsala ba ce a wurinmu. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu sama da shekara dubu da ta wuce, ya ci karo da ita a babin shari'a da shaidu. Idan ƙasan gini na wani ne, saman na wani, gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, har da katakon da ke riƙe da daɓen sama. In ginin ya yi rauni ya ƙi gyarawa, za a tilasta masa ya gyara, ko ya sayar wa wanda zai gyara. Ba ina cewa a ɗauko wannan rabon yadda yake a ɗora wa benen kankare mai hawa huɗu ba. Abin lura shi ne malaman sun ga abu biyu da mu muka tsallake: dole a fayyace wa kowa abin da ke kansa tun kafin a samu saɓani, kuma dole a samu hukumar da za ta tilasta. Zaman maƙwabtaka da kunya kaɗai ba sa riƙe gini.

Sai batun masu ba da bashi, waɗanda su ne suka fi ba ni mamaki. Tun 1992 dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta sa ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana riƙewa, yana ba da bashi da ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Ka tsaya ka yi lissafi. Jinginar wannan bashi ita ce gidan. In gidan sashe ne a hawa na uku, to darajarsa tana tsaye ne a kan ginshiƙan da ba na mai bashin kaɗai ba. A cikin shekara 30 sai an sauya kwano, sai an sauya bututun ruwa, injin rijiyar burtsatse zai mutu ba sau ɗaya ba. Mai ba da bashi yana tantance albashin mutum, da shekarunsa, da takardar mallaka, amma tambayar ko mazauna ginin suna da asusun gyara ba ta zama al'ada a wurinmu ba. Ana cire kuɗi duk wata daga albashi, abin da aka jingina kuma yana ruɓewa a hankali.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 24 ga Yuni, 2021, da tsakar dare, wani ɓangare na bene mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside na jihar Florida, mutum 98 suka mutu, yawancinsu suna barci. An gina shi a 1981, yana da sashe 136, kowanne da mai shi. Tun 2018 injiniya ya duba ya rubuta cewa ruwa ya yi wa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya mummunar illa, kuma jinkiri zai ƙara ta'azzara lamarin. A ƙarshen wannan shekarar jami'in gine-gine na hukumar garin ya halarci taron masu gidan, ya ce musu ginin yana cikin kyakkyawan yanayi. Aka shiga jayayya a kan kuɗi, shugabannin ƙungiyar masu gidan suka yi ta sauka ana naɗa wasu, kuɗin aikin ya tashi daga kimanin dala miliyan 9 zuwa miliyan 15. Kason mutum ɗaya ya fara daga wajen dala dubu 80, na wasu ya haura dubu 300. Ba a kai ga gyaran kankaren ba ginin ya zo ƙasa.

A nan ba a rasa injiniya ba, ba a rasa rahoto ba, ba a rasa ƙungiya ba. Abin da aka rasa shi ne kuɗin da aka tara tun da wuri, da hukumar da za ta karanta rahoton ta ce ko a gyara ko a fita. Dokar Florida ta lokacin ta bar wa masu gida damar kaɗa ƙuri'a su yafe wa kansu zuba kuɗi a asusun gyara, kuma ɗan Adam in aka ba shi zaɓi tsakanin biya yau da biya wata rana, an san abin da zai zaɓa. A 2022 jihar ta toshe wannan ƙofa, ta kuma wajabta binciken injiniya ga duk bene irin wannan mai hawa uku ko fiye da ya kai shekara 30. Manyan cibiyoyin da ke sayen basussukan gidaje a ƙasar, Fannie Mae da Freddie Mac, su ma suka daina karɓar bashin da aka bayar a ginin da ke da babban gyaran da aka yi ta ɗagawa. Wannan na biyun ya fi cizo, domin ginin da banki ba zai ba da bashi a kansa ba, mai saye zai yi wuya.

Benayen Garki na farko sun haura wannan shekara 30 ɗin. Wa ke duba su? A nan ne ƙaramar hukuma ta shigo. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar haraji, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da kula da shara da ruwan ƙazanta. A Abuja an rarraba aikin: filaye da izinin gini suna hannun ma'aikatar birnin tarayya, shara da magudanar ƙazanta a tsakiyar gari suna hannun hukumar kare muhalli ta AEPB, ƙaramar hukumar AMAC kuma ita ce ke kawo takardar harajin gida. Ke nan mai zuwa ƙofarka duk shekara ba shi ke da ikon duba ginshiƙi ba, mai ikon dubawa kuma hankalinsa ya fi karkata ga sabon gini da rusau. Tsohon bene mai masu shi da yawa ya faɗa tsakani.

A ganina wanda ke karɓar harajin gida shi ya fi cancanta ya san halin da gidan ke ciki. Yana da jerin gidajen, yana da lambobinsu, ma'aikatansa suna hawa wannan matakala mai duhu su liƙa takarda a ƙofa. Me zai hana a wajabta wa duk ginin da ke da mai shi fiye da ɗaya ya yi rajistar ƙungiyar masu gida a ƙaramar hukuma, da rubutaccen rabon abin da ke kan kowa gwargwadon girman sashensa, da asusun banki na gyara mai sa hannun mutum biyu ko uku? Ginin da ya tsufa kuma ya kawo takardar injiniya mai rajista duk bayan 'yan shekaru, a ajiye kwafi inda mai son saye ko haya zai iya zuwa ya gani. In rahoton ya nuna haɗari, ƙaramar hukuma ta miƙa wa masu ikon rufe gini, a rubuce, da kwanan wata, yadda gobe ba wanda zai ce bai sani ba. Afirka ta Kudu tana da dokoki biyu irin wannan da suka fara aiki a 2016, ɗaya ta wajabta asusun ajiya na gyara, ɗayar kuma ta kafa ofishin sasanta rikicin mazauna ba sai an je kotu ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Mun san ƙananan hukumominmu. Ka ba su sabuwar doka, washegari ka ga matasa da riguna masu sheƙi da kwaɗo a hannu suna barazanar rufe gida, rasit kala uku a aljihu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye bai sauya halin ma'aikaci ko ɗaya ba. Shi ya sa sharaɗin farko shi ne kada ko kobo na asusun gyara ya bi ta hannun hukuma. Nata a nuna mata takardar banki da rahoton injiniya, ta buga hatimi. Ƙarfin dokar kuma ya fito daga wajen masu ba da bashi da ofishin filaye: ba lamuni, ba sauya suna a takardar mallaka, sai mai sayarwa ya kawo shaidar cewa ba a bin sa kuɗin gyara. Mai gidan da ke Legas wanda ba ya ɗaga waya, ranar da ya tashi sayarwa zai nemi sakataren ƙungiya da kansa.

Akwai wata gaskiyar mai ɗaci da Florida ta nuna. Da sabuwar dokar ta fara aiki, kuɗin wata-wata ya yi tsalle a tsofaffin gine-gine, tsofaffi masu rayuwa da fansho suka fara sa gidajensu a kasuwa, har sai da majalisar jihar ta dawo ta sassauta wa'adi. Da yawa daga waɗanda suka sayi benayen Abuja a 2005 yau 'yan fansho ne, wasu ma sun rasu, matansu ne da marayu a ciki. In aka ce gobe kowa ya kawo miliyan biyu, an kore su ke nan. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa, amma ba a ce a kashe mutum wajen yi masa magani ba. Nan ne Bankin Lamunin Gidaje ya kamata ya motsa. Yana da bashin gyaran gida da yake bai wa ma'aikaci ɗaya-ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne irinsa da za a bai wa ƙungiyar gini mai rajista, a yi rufi da ginshiƙi gaba ɗaya, a rarraba biyan a kan shekaru, kason wanda ya gaza kuma ya zauna a kan gidansa har ranar sayarwa ko rabon gado.

Ana cikin haka kuma ana ta gina sababbi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin rukunin gidaje 3,112 a Karsana, jihohi ma kowa na nasa, kuma tsadar fili za ta ci gaba da tura mu sama ko muna so ko ba ma so, har a Kano da Kaduna inda aka saba kowa da katangarsa. A waɗannan aikin ya fi sauƙi, domin ba a riga an saba da zaman kowa tasa ta fisshe shi ba. Tun ran gini tun ran zane: ranar da za a miƙa makulli, takardar ƙungiya da lambar asusun gyara su kasance cikin abin da mai saye zai sa wa hannu, kason wata-wata kuma a haɗa shi da kuɗin da banki ke cirewa, ya wuce asusun ginin kai tsaye kafin albashi ya iso hannu.