Wanda bai ga EXPLAIN ɗinka ba, kada ka karɓi shawararsa

Kun dai ga abin da aka yi wa yaron nan jiya. Ya yi tambaya cikin ladabi: manhajarsa ta fara jan ƙafa tun da bayanai suka yi yawa, a ina zai koyi gyaran rumbun bayanai? Sai manyan masana suka yi masa caa. Wannan ya ce ya sa indes (jerin da ke saurin kai rumbu ga layin da ake nema, kamar fihirisar littafi) a kowane kolum na tebur, wancan ya ce ya ƙara RAM, wani kuma ya lallaɓo da tallan kwas ɗinsa na kuɗi. Duk cikinsu babu wanda ya ce, "Ƙanena, turo mana EXPLAIN ɗin mu gani." Wallahi abin ya ɓata mini rai.

Ta yaya za ka rubuta wa mutum magani ba ka duba shi ba? Rumbun nan da kansa yana faɗa maka abin da yake yi, in ka tambaye shi. Ka sa umarnin EXPLAIN a gaban tambayarka ta SQL (harshen da ake tambayar rumbu da shi), rumbu irin PostgreSQL zai nuna maka hanyar da ya zaɓa don nemo amsar. In ka ga Seq Scan, wato karanta tebur layi bayan layi, a kan tebur mai layi miliyan biyar alhali layi goma kake nema, to ga ciwon nan. In ka sa EXPLAIN ANALYZE, zai gudanar da tambayar da gaske, ya ajiye maka adadin layukan da ya yi hasashe a gefen adadin da ya samu. Ya yi tsammanin 12, ya tarar da 400,000? Sau da yawa ƙididdigarsa ce ta tsufa, umarnin ANALYZE mai sabunta ta yake buƙata kafin a yi maganar sabon indes. Rumbun MySQL ma ya samu EXPLAIN ANALYZE tun fitowar 8.0.18 a 2019, don haka babu uzuri. A kula dai, tunda gudanar da ita yake yi, in UPDATE ce ko DELETE a rufe ta tsakanin BEGIN da ROLLBACK don canjin kada ya zauna.

Shi kuwa mai cewa a sa indes ko'ina, ya san kowane INSERT sai ya bi duk indes ɗin teburin ya gyara su ɗaya bayan ɗaya? Ya san in ka haɗa lambar kwastoma da rana a indes guda, kolum ɗin farko ne jagora, kuma tambayar da ke neman rana kaɗai ba lallai ta amfana da shi ba? Ya san LIKE '%musa' (neman duk abin da ya ƙare da musa) ba ya bin tsarin B-tree, wato tsarin da ake jera indes da shi, saboda farkon kalmar ne aka jera, kai kuma ka ɓoye farkon? Ya san in ka rubuta LOWER(email) a WHERE, indes ɗin da ke kan email zalla ya zama ɗan kallo? Duk waɗannan EXPLAIN zai nuna maka su ƙiri-ƙiri cikin daƙiƙa.

Na san za a ce, ai yaron wurin koyo ya tambaya. To ga shi, kuma kyauta. Markus Winand ya rubuta Use The Index, Luke, yana nan a buɗe a intanet, kuma masu rubuta manhaja ya yi wa shi, da misalan Oracle, PostgreSQL, MySQL da SQL Server. Littafin bayanin PostgreSQL na hukuma yana da babi guda a kan indes da sashe mai suna Using EXPLAIN. Mutane na tsallake shi wai ya yi tsawo, amma su zauna bidiyon awa uku suna gyangyaɗi. Mai son ya ga cikin injin, darussan Andy Pavlo na Jami'ar Carnegie Mellon suna YouTube. Kada kuma wani ya ce sun tsufa. B-tree ɗin da muke magana a kai Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi tun farkon shekarun 1970, har gobe shi ne abin da CREATE INDEX ke gina maka in ba ka ce wani iri ba.

Amma ƙanena, in kana karanta wannan, ka ji ni da kyau. Karatun nan ba zai zauna maka ba muddin teburinka layi 50 ne. A ƙaramin tebur komai gudu yake yi, har rumbun ma ya ƙi taɓa indes ɗin don karanta teburin gaba ɗaya ya fi masa sauƙi. Ka cika tebur da layi miliyan da generate_series, mai ƙirƙiro maka jerin lambobi a PostgreSQL, ka rubuta tambaya, ka duba EXPLAIN, ka sa indes, ka sake dubawa, ka juya jerin kolum ɗin, ka sake dubawa. A kan manhajarka ta gaske kuma ka kunna pg_stat_statements, mai lissafa lokacin da tambayoyi ke ci a PostgreSQL, ka ga wace tambaya ce ke cinye lokaci. Sau da yawa ba wadda kake zargi ba ce. Tambayar da ka yi jiya mai kyau ce, amsoshin da aka ba ka ne suka gaza.

Masu cewa a tambayi AI kawai, ku tambaya mana, amma shi ma ku ba shi EXPLAIN ɗin, in ba haka ba canka zai yi kamar mutanen jiya.

Af, tunda magana ta kawo mu nan: masu ajiye kwanan wata a VARCHAR, wato kolum na rubutu zalla, don Allah me kuke nufi? Wani ya rubuta 03/04/2024, wani 2024-4-3, an zuba su a kolum ɗaya, sannan a zo ana mamakin yadda ORDER BY ya sa Disamba gaban Maris. Akwai DATE, akwai TIMESTAMP, don wannan aikin aka yi su. Ku gyara wannan tukuna kafin ku zo mu yi maganar indes.