Ayu na da masu kuka, laiken ba shi da kowa

A shekarar 2021 ayu kusan 1,100 suka mutu a jihar Florida ta Amurka, kuma yunwa ce ta kashe da yawa a ruwan Indian River. Takin zamani da ruwan masai suka malala ciki, gansakuka ta yi kaka-gida ta tare hasken rana, ciyawar ƙarƙashin ruwa da ayu ke kiwo ta mutu. Sai da hukumomi suka koma zuba musu latas, wajen tan 90 a lokacin sanyi ɗaya. Abin ya cancanci hankalin da aka ba shi: macen ayu tana ɗaukar ciki kusan wata 13, ta haifi ɗa ɗaya, shi ya sa gurbin da aka yi asara ba ya cika da wuri. Ɗan uwansa na kogin Neja da Binuwai ma haka yake.

A wannan jihar dai akwai Cladonia perforata, wani laiken, wato naman gwari da gansakuka da suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Launinsa toka-toka mai ratsin rawaya, rassansa cike da ƙananan huji, yana kwance kan farin yashi ba saiwa. Tun 1993 Amurka ta sa shi cikin halittun da ke bakin ƙarewa, matakin da aka sauke ayu daga kansa a 2017. Amma hoton ayu ne ake sawa a kan lambar mota a jihar, ba na laiken ba.

A ganina laiken ɗin ya fi shiga uku. Ba a san shi da yin iri ba, sai dai guntunsa ya karye, iska ta ɗan gusa da shi. Idan aka share fili aka dasa lemo ko aka yi gini, shi ke nan. Guguwar Opal ta 1995 kaɗai ta yi masa mummunar ɓarna a tsibirin Santa Rosa.

Sannan ga matsalar wuta. Idan ta bi ta kansa ya mutu. Idan aka hana ta shekara da shekaru, kurmi ya rufe sararin yashin, busasshen ganye ya binne shi. Don haka ƙona dajin sai da lissafi: a kewaya a gano inda yake, a ƙona ɓangare-ɓangare, a bar wasu wurare da wuta ba ta taɓa ba, ko a kwashe shi da hannu a mayar bayan toka ta huce. Wannan aiki bai kai tsadar tsabtace ruwan ayu ba, abin da yake so shi ne fili da ma'aikacin da zai durƙusa ya duba yashi kafin a ƙyasta ashana.