Dubu 580 na biya, aka ce kaina ne ya yi girma

Jiya bayan la'asar, a wani shagon kayan waya da ke PZ a Zariya, yaron da bai kai ɗana na fari ba ya ƙare mini kallo ya ce kaina ne ya yi girma. Ba wasa yake ba, ko murmushi bai yi ba. Har na kwanta barci maganar tana ci mini rai.

Gyaran sauti ne sana'ata. Ina da ɗan ɗaki a Tudun Wada inda nake tace karatun malamai da tallan rediyo, don haka kunne shi ne jarina. A 2019 na sayi hedifon na wani babban kamfani a kan naira dubu 130, lokacin dala tana 360 a kasuwar bayan fage. Ya sha ƙurar hunturu, ya sha gumin watan Afrilu, ya faɗo daga tebur ya fi a ƙirga, autata ta taɓa jan sa a ƙasa kamar motar gwangwani. Bai ce uffan ba, don maƙalarsa ta ƙarfe ce. Soson kunnen ne kawai ya bare kamar tsohuwar kujerar ofis.

Sai kamfanin ya fito da sabo. Wai ya fi sauƙin nauyi, wai ya fi kashe hayaniya. Na kwashe kuɗin adashina, na ƙara da na ragon da na yi niyyar turkewa, na zube dubu 580. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 sai ya yi wata takwas bai ci bai sha ba, kuma bai kai ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, hayaniya kam yana kashewa. Janareton maƙwabcina yana ruri, ni kuwa shiru kamar ina cikin rijiya. Amma sautin fa? An cika masa ganga, wato kaurin sauti, har ta danne murya. Ga mai jin waƙa a Keke Napep wataƙila daɗi ne, ga mai tace murya kuwa ƙarya hedifon yake maka. Kana jin kauri ya yi yawa, sai ka rage, alhali a ainihin faifan babu shi. Aikin farko da na yi da shi karatun wani malami ne, almajirinsa ya kira ni cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, me ya sami muryar Malam ne? A mota kamar kukan sauro." Kunya ta kama ni, na sake aikin kyauta.

Rana ta 19, ina cire shi zan yi alwalar magariba, sai na ji ƙas! Maƙalar dama ta tsage. Roba ce. Ashe sauƙin nauyin da ake ta talla ke nan, an cire ƙarfe an sa roba an ƙara kuɗi.

Na ɗauki kwali da rasit na tafi. Na yi sallama. Yaron yana latsa waya, bai ɗago ba. Na sake sallama, ya amsa ta hanci. Na ajiye hedifon a kan gilashi na ce, "Samari, kwana 19 ke nan da na saya a nan, ga shi ya karye."

Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Ya juya, ya ajiye. "Baba, ai yar da shi ka yi."

Na ce ban yar ba, cirewa nake daga kaina.

A nan ne ya ɗago ya dubi kan nawa. A hankali, daga goshi zuwa ƙeya, kamar mai ɗinkin hula yana awo. "To ai shi ne, Baba. Kanka ne ya ɗan yi girma. Irin wannan ba a buɗe shi da yawa."

Jama'a! Shekara 46 ina yawo da wannan kan. Da shi na yi makaranta, da shi na yi aure, tsohon hedifon ya zauna a kansa lafiya lau. Sai jiya na sami labarin cewa ya wuce ƙa'ida. Da na sani da ranar sayen na zo da igiyar awo.

Na danne zuciya na nuna masa inda aka rubuta garantin shekara ɗaya a jikin kwalin. Ya ce garantin na Dubai ne. Na ce to a PZ na biya kuɗi ko a Dubai? Ya ce shi dai yaron shago ne. Na ce ina maigidan? Ya tafi Kano. Yaushe zai dawo? Sai Allah. Sannan ya nuna mini wata takarda da aka manna a bango da yatsa, ko bakinsa bai buɗe ba: kaya in ya fita ba ya dawowa. Ranar da na zo da kuɗi, wannan yaron ne ya share mini kujera, ya aika a sayo mini lemo mai sanyi, yana ta "Alhaji, Alhaji". Jiya na koma Baba mai ƙaton kai.

Ni ban ma ga laifinsa sosai ba, abin da ya tarar manya suna yi ne. Tun farkon 2019 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin masu saye a ƙasar nan, kuma ta ba mutum damar mayar da kayan da ya same su da aibi. Doka tana Abuja a cikin durowa, takardar bango tana mulki a Zariya. Wa zai zo ya yage ta? Ka kai ƙara, kuɗin mota da na "a duba fayil" su fi kuɗin kayan. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kafin mu farga dala ta haye 1,500. An ce mu yi haƙuri, mun yi. To tunda komai mun koma biyan ninki huɗu, ko darajar a saurare mu in kaya ya lalace ba za mu samu ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai, a garin da jami'a take yaye injiniyoyi tun shekarun 1960, a garin da ke da cibiyar nazarin fata sukutum a Samaru, maƙalar roba da ba ta kai ɗan yatsa ba sai an jira ta daga ƙetare, soson kunne na fatar bogi ma haka. Mu kuma da namu laifin. Mutum huɗu ne a shagon lokacin, babu wanda ya ce wa yaron kai, ba a yi wa babba haka. Ɗaya ma dariya ya yi, ya ce in sa gam in rufa wa kaina asiri. Gam, a kan dubu 580!

Na tattara kayana zan fita, har na kai ƙofa, sai yaron ya kira ni. Na juyo da sauri, na zaci kunya ce ta kama shi.

"Baba, akwai wani sabo da zai shigo wata mai zuwa, ya fi wannan ƙwari. In ajiye maka?"