Waƙoƙin Magabata a Hannun Masu Rimiks: Wa Ke da Haƙƙi, Wa Ke Cin Riba?

Duk mai bibiyar TikTok da Facebook a 'yan shekarun nan ya san cewa tsofaffin waƙoƙin fada na ƙasar Zamfara da Kabi sun dawo kunnen jama'a da wata sabuwar kama. Matashi zai ɗauko muryar makaɗin da ya rasu tun kafin a haife shi, ya yanko gindin waƙar, wato amshin da ake maimaitawa, da ɗa, wato baiti, ɗaya ko biyu, ya kwantar da sautin kotso ko taushi, ya shimfiɗa kiɗan kwamfuta a ƙarƙashi, sannan ya sake ta a matsayin rimiks. Dattawa da yawa suna ganin an wulaƙanta gado, matasa kuma suna cewa ba don su ba da tsararsu ba ta taɓa jin waɗannan muryoyi ba. Ra'ayina shi ne aikin matasan halattacciyar fasaha ce da ya kamata a kare, amma yadda ake yinsa a yau, babu ambaton suna kuma babu kason magada, zalunci ne, kuma waɗanda suka fi cin moriyar zaluncin ba su ne yaran da ake zagi ba.

Ɗora sabon aiki a kan tsoho daɗaɗɗen abu ne a wurinmu. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu lokacin Mauludi aikin mutum biyu ce: baitocin Alfazazi da tahmisin da Ibn Muhib ya yi musu, inda ya ƙara layuka uku a gaban kowane baiti mai layi biyu. Malaman Sakkwato da Gwandu sun bi wannan tafarki. Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga Fulatanci zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa kuma ya yi tahmisi. A fagen kiɗa ma haka ne, domin Alhaji Musa Ɗankwairo ya tashi a gidan kiɗa, ya yi amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma kirari da salon magana sukan bi jini daga uba zuwa ɗa ba tare da kowa ya kira hakan sata ba. Sai dai akwai sharaɗin da magabata ba su yi wasa da shi ba. Mai tahmisi ba ya goge layukan wanda ya gabace shi, ba ya ɓoye sunansa, kuma almajirin da ya karanta yakan san wane ne ya faɗi wannan, wane ne ya ƙara wancan. Wannan amana ce ta ɓace a rimiks ɗin zamani.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta kare waƙa, wato kalmominta da karin sautinta, tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ɗankwairo ya rasu a 1991, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magadansa har ƙarshen 2061. Shi kuwa sautin da aka naɗa a faifai ko kaset haƙƙi ne dabam, mai tsawon shekara 50, wanda galibi yake hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗar, ko kamfanin faifai ne ko gidan rediyo irin na Kaduna da ya fara aiki a 1962. Saboda haka faifan da aka fitar a shekarun 1960 yana iya fita daga kariya alhali waƙar da ke cikinsa tana nan da masu ita. Dokar ta ɗauki sarrafa waƙar wani a matsayin abin da ke buƙatar izini, ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin amincewa da sauyin da zai zubar masa da mutunci, sannan ta bar ƙofa ga mai sharhi, mai nazari da mai kwaikwayon barkwanci, muddin an yi adalci wajen ɗauka. A takarda wannan tsari ne mai kyau. Amma magada nawa ne a Maradun, Bakura, Shinkafi ko Yawuri aka taɓa zaunar da su aka bayyana musu cewa abin da ubansu ya bari dukiya ce da ake gada kamar gona?

Inda abin ya fi damuna shi ne wurin da kuɗin suke shiga. YouTube yana da na'urar da ake kira Content ID tun 2007, wadda take kwatanta duk abin da aka ɗora da samfurin sautin da masu iƙirarin mallaka suka ajiye mata. Idan sauti ya dace da samfur, mai iƙirarin yana da zaɓi: ya toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallar da ke kansa. Na'urar ba ta san tarihi ba, ba ta san Tubali ko Faru, garuruwan makaɗa Narambaɗa da Sa'idu Faru, ba, abin da ta sani kawai shi ne wanda ya riga kai mata samfur. Ke nan mutumin da ya samu tsohon kaset, ya mayar da shi cikin kwamfuta, ya bi ta hannun kamfanin rarraba waƙoƙi, yana iya zama mai waƙar a idon na'ura, har ta kai ga jikan makaɗin ya ɗora waƙar kakansa a sanar da shi cewa ya taɓa kayan wani. Shi kuwa YouTube yana samun rabonsa na talla ko wa ya yi nasara, don haka babu abin da ke matsa masa ya binciki gaskiya a harshen da ma'aikatansa ba sa ji.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. Solomon Linda, mawaƙin Zulu a Afirka ta Kudu, ya naɗi wata waƙa a 1939, ya sallama haƙƙinta a kan 'yan kuɗi ƙalilan, aka sarrafa ta a Amurka ta zama ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin duniya, shi kuwa ya rasu cikin talauci a 1962. Sai a 2006 'ya'yansa suka samu sulhun da ya ba su kaso, bayan shari'a. A ɗaya ɓangaren kuma, lokacin da manyan kamfanonin nishaɗi na Amurka suka ga kayansu sun kusa zama na kowa, sun matsa wa majalisa har ta tsawaita wa'adin kariya a 1998. Doka ɗaya ce a suna, amma tana saurin amsa kiran mai lauya fiye da kiran mai kotso.

Tasirin kafafen sadarwa bai tsaya a kuɗi ba, ya shiga cikin ma'anar waƙar kanta. Waƙar fada doguwa ce, tana da yabo, tarihin gida, jerin iyaye da kakanni, gargaɗi ga basarake, sannan zambo da habaici ga abokan hamayya. Dandalin da ke auna nasara da daƙiƙoƙin kallo ba ya da haƙurin wannan gini, don haka abin da yake ɗagawa sama shi ne layin da ya fi zafi. Sai ka ga an yanko zambon da aka yi wa wani ɗan sarki shekara sittin da suka wuce an liƙa shi a hoton ɗan siyasar yau, a sa mamaci ya zagi wanda bai taɓa sani ba. A lokacin yaƙin neman zaɓe kuwa ana ɗaukar karin sautin tsohuwar waƙa sukutum a zuba masa sunan ɗan takara, a biya mawaƙin zamani, a biya gidan rediyon da zai watsa, iyalan mai asalin karin kuwa ko gaisuwa ba sa samu. Yaron da ya san Narambaɗa ko Sa'idu Faru ta guntun daƙiƙa talatin zai ɗauka masu zagi ne kawai, alhali su ne taskar tarihin masarautunmu. Yanzu da ake da manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, haɗarin ya ƙaru, domin ana iya sa makaɗi ya faɗi abin da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Duk da haka ba na goyon bayan masu kiran a hana rimiks ko a riƙa kama matasa. Hani ba zai kai ko sisi gidan magada ba, zai dai mayar da waƙoƙin cikin akwatin da gara ke ci, ya kuma bar fagen ga kiɗan ƙetare. Abin da ake buƙata shi ne hanya mai sauƙi ta neman izini. Matashin da ke Gusau ko Birnin Kebbi, mai situdiyo a ɗaki guda, ba zai iya ɗaukar lauya ba, amma zai iya cika takarda mai shafi ɗaya, ya rubuta sunan mai waƙa a kan aikinsa, ya amince da kaso idan kuɗi sun shigo. Hakan ba zai yiwu ba sai an san wanda za a tambaya. A nan ne aikin Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da majalisun masarautu yake: a tattara kasa-kasan da ke hannun jama'a, a tantance mai kowace waƙa da lokacin da aka naɗe ta, a taimaki kowane gida ya fitar da wakili guda, a yi rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Rajista ba sharaɗi ba ce ta samun haƙƙi, amma hujja ce mai ƙarfi ranar jayayya, kuma sabuwar dokar ta ba mai haƙƙi damar aika sanarwa ga dandalin intanet a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba.

Akwai kuma mutanen da ko masu kare haƙƙin makaɗa suke mantawa da su, wato 'yan amshi. Wanda ya san yadda ake gina waƙar fada ya san cewa ba jagora kaɗai ke yi ba: 'yan amshi suna riƙe gindin waƙa, suna ƙarasa ɗan da ya fara, wani lokaci su ƙara nasu, kuma muryoyinsu da hannuwansu ne ke cikin kowane kaset. A da, idan sarki ya ba da doki, riguna ko kuɗi, akwai yadda ake rabo a cikin ƙungiya, kowa ya san matsayinsa. Duk yarjejeniyar da za a rubuta yau da sunan gidan makaɗi ya kamata ta tanadi kason iyalan waɗannan mutane, kuma dattawan da suka ga yadda ake wancan rabo suna raye a garuruwanmu, sai a tambaye su tun ana iya samunsu.