Ƙannena Masu Wasan Golf, Ku Rage Wannan Ƙarfin

Ranar Asabar da ta wuce ina tsaye a wurin atisaye ina jiran abokin wasana, sai ga wasu samari uku da kwando shaƙe da ƙwallaye. Babu wanda ya miƙe jiki, babu wanda ya dubi tuta ya ce ga inda nake nufi. Kowa ya zaro direba, babbar sandar nan, ya dinga kai wa ƙwallo duka iya ƙarfinsa kamar mai faskare, ɗaya kuma yana gefe yana ɗaukar bidiyo a waya. Ƙwallo goma, takwas sun lanƙwashe dama sun faɗa ciyawa, ɗayar da ta tafi sak ita za a ɗora a Instagram. Wallahi raina ya ɓaci, domin yaran nan suna da jiki, suna da lokaci, suna ɓata su.

Ƙannena, wannan ba atisaye ba ne. Koya wa jiki kuskure kuke yi, kuma jiki ba ya mantuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya shekara biyu yana dukan ƙwallo a karkace, ranar da ya so gyarawa sai ya sha wuyar da ta fi ta wanda bai taɓa riƙe sanda ba.

Kun san abin da ke sa ƙwallon na-dama ta lanƙwashe dama? Fuskar sanda ce ke isa ga ƙwallo a buɗe, sandar kuma ta yanko daga waje zuwa ciki, sai ƙwallo ta tashi tana juyawa gefe. Ƙarin ƙarfi ƙarin lanƙwasa kawai yake kawowa. Dubi hannunka lokacin da ka damƙe sanda har jijiyoyi suka fito: wuyan hannu ya sandare, kafaɗa ta riga ƙugu juyawa, nauyinka ya maƙale a ƙafar baya, ka gama bugu kana tangaɗi. Wanda ya iya, riƙonsa sassauƙa ne, ƙugu ke jan gaba, hannu ya biyo baya, ya ƙare tsaye cak nauyinsa a ƙafar gaba, cibiyarsa na kallon tuta. In ba ka iya tsayuwa haka na daƙiƙa uku bayan bugu, to ƙarfin ya yi yawa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, abin tambaya shi ne a ina.

Doka ta ba ka damar ɗaukar sanda 14 a jaka, kai ka maƙale wa guda ɗaya. A fili mai rami 18, direba ba ta wuce fitowa sau 14 ba in ta yi yawa. Amma a lissafin bugu 72 da aka saba yi wa fili, an ware bugu biyu a kowane rami don gangara ƙwallo cikin ramin, wato 36, rabin wasan ke nan. Je ka duba wurin koyon gangarawa da yamma, sai ka tarar babu kowa sai dattawa biyu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka bugi ƙwallo mita 250 sannan ka yi bugu huɗu a bakin rami, me ka tsinta?

Wai kuma Tiger Woods kuke kwaikwayo. Mutumin da ya ci gasar Masters a 1997 da tazarar bugu 12, sannan ya koma wurin malaminsa Butch Harmon ya sake gina bugunsa daga tushe, domin bai gamsu da shi ba. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Nigerian Open a 1988 da 1989 kafin duniya ta san shi, da daɗewa a wurin atisaye ya yi suna, har ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Su da suka kai can ba su raina gyara ba. Kai da ko bugu 100 ba ka sauka ƙasa da shi ba, in ƙwararren kulob ya ce gyara riƙonka sai ka haɗe rai, alhali matambayi ba ya ɓata, kuma da rarrafe yaro kan tashi.

Ga kuma sayen sanduna. Duk wata sai an canza direba, wai tsohuwar ce ba ta da nisa. Kuɗin da za ka biya malami ya tsaya a kanka wata guda ka zuba su a ƙarfen da bai san hannunka ba. In ƙwallo ta ɓata kuma laifin kadi ne, yaron da ya yini yana ɗauke da jakarka a rana, ka zage shi gaban mutane. Wannan kadin, ba shi tsohuwar sanda mai lamba 7 ɗaya tak ka ga yadda zai lallasa ka, domin shi a hankali ya koya, yana kallo yana kwaikwayo.

Ku rage gudu. Ku fara da gajerun sanduna, ku sa wa kowace ƙwallo inda za ta, ku nemi wanda ya fi ku ya dube ku. Sannu ba ta hana zuwa.

Da can ba haka muka tarar ba. Dattawan da muka gani a filayen Kano da Kaduna da Jos, mutum zai ɗauki ƙwallo talatin ya shafe awa guda da su, kowace sai ya koma baya ya duba, ya gyara tsayuwa. In sandarsa ta fasa ciyawa ya mayar ya take da ƙafa, in ya fito daga ramin yashi ya share sawunsa. Bugu bakwai ya yi, bakwai zai rubuta, ko babu mai ganinsa. Yanzu kuwa sai ka ga yaro ya ture ƙwallo da ƙafa daga gindin bishiya, ya rubuta biyar, ya dawo kulob yana ba da labarin nisan direbarsa, waya na ƙara a aljihu yayin da wani ke shirin bugu, ko a jikinsa.