Jin Hausa daban, koyar da ita daban

Ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne ke jin harshen Welsh a nan Wales, wani yanki na Birtaniya, inda nake zaune. Birnin Kano kaɗai ya ninka su sau da yawa. Amma a wajen shirya wanda zai koyar da harshe a jami'a, gaskiya sun sha gabanmu, kuma ina ganin ƙarancin nasu ne ya jawo haka.

Welsh ɗaya ne daga harsunan Seltik shida, tare da na Ireland, da Gaelic na Scotland, da Breton na Faransa, da Manx, da Cornish. Dukkansu sun ga barazanar ɓacewa, biyun ƙarshe ma farfaɗo da su aka yi. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya wasa da malami. Gwamnatin Wales na son masu jin harshen su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Tun 2011 aka kafa Coleg Cymraeg Cenedlaethol, hukumar da ke ɗaukar nauyin masu digiri na uku, tana kuma horar da su kan bincike da koyarwa cikin harshen.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka san ɗalibai iri biyu ne. A jami'o'i kamar Aberystwyth da Bangor, hanyar wanda ya tashi da Welsh a gida daban take da ta wanda ya koye shi a makaranta. Don haka dole ƙaramin malami ya iya bayyana abin da shi bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba, misali dalilin da ke sa harafin farkon kalma ya sauya gwargwadon abin da ya gabace ta. Ga kuma tsohon adabinsu, wanda sai an bi da ɗalibi layi-layi.

Mu fa? Bayero da ABU Zariya da Usmanu Danfodiyo sun yaye masana na gaske a nahawu da waƙa da al'ada, wannan ba a musu. Sai dai kusan duk horon an gina shi ne a kan cewa ɗalibi Bahaushe ne. A ba mai digiri na biyu ajin Ibo ko Turawa, ya ga ta kansa. Zai faɗi kalma daidai, amma yaya zai koyar da karin sauti da tsawon wasali, alhali rubutunmu na yau da kullum bai nuna ko ɗaya? "Haka muke cewa" ba amsa ba ce. Kwalejojin ilimi suna da kwas na Hausa a matsayin harshe na biyu, madalla, amma wanda zai tsaya gaban ɗaliban jami'a ba can yake fitowa ba.

Kuma kada a ce babu buƙata. Shirin Fulbright na Amurka yana ɗaukar matasan malamai daga Ireland su koyar da harshensu a jami'o'in can, yana kuma ɗauka daga Najeriya su koyar da Hausa. Gefe da gefe ake ganinsu.

Da ni ke da ta cewa a sashen Hausa, ba zan sa hannu a takardar mai digiri na biyu ba sai ya yi zango ɗaya yana koyar da waɗanda ba su jin ko "sannu", babban malami na zaune a bayan aji yana rubuta kurakuransa. Masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa Arewa daga Kudu kowace shekara sun isa cika wannan aji.