Sun sha kashi sau 121, amma dattijon bai sauya ƙungiya ba

Ranar Juma'a 27 ga Satumban 2024, a birnin Detroit, ƙungiyar besbol ta Chicago White Sox ta sha kashi karo na 121 a kaka ɗaya. Tun daga 1900 babu ƙungiyar da ta taɓa zubar da wasanni masu yawan haka a babbar gasar Amurka. Wadda ta riƙe wannan abin kunya a da ita ce New York Mets ta 1962, da 120. Wasa 162 ake bugawa a kaka, su kuwa 41 kacal suka ci.

Da muka koma aiki ranar Litinin, sai ga wani dattijo abokin aikina, Bature jikan mutanen Foland, ya shigo da baƙar hular ƙungiyar a kansa kamar yadda ya saba. Da muka zauna cin abinci na tambaye shi, tsakani da Allah, me ya hana shi komawa Cubs, tunda ita ma ta Chicago ce, ko ya bi Dodgers ta Los Angeles da ke tashe. Ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi tsohon filin Comiskey yana ɗan shekara shida, a can kuma kakansa ya kai mahaifin nasa, to ina zai je? Daga nan ya tambaye ni wace ce ƙungiyar garinmu. Na ce ni ɗan Arsenal ne. Ya dube ni ya ce, "Ashe a Landan ka tashi?" Ba da gatse ya yi tambayar ba, abin da ya sa ta fi yi mini ciwo ke nan. Shi a tunaninsa mutum ba ya goyon bayan ƙungiya sai ta garin da aka binne cibiyarsa.

Bari in ɗan kwatanta muku wasan, don na san yawancinku ba ku taɓa zama kun kalle shi ba. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai duka tazarar mita 18 da ɗoriya. Ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba, wani lokaci da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Mai duka yana riƙe da gorar katako. In ya same ta, sai ya jefar da gorar ya ruga, yana neman zagaye kusurwoyi huɗu ya dawo inda ya tashi kafin a fitar da shi. Wanda ya kammala zagayen ya ci maki ɗaya. Zango tara ake yi, a kowane zango kowace ƙungiya tana duka har sai an fitar da mutum uku. Babu canjaras, in an yi kunnen doki sai a ci gaba har wani ya rinjaya. Kuma kusan kullum ake wasa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Ku lura da wannan. Ɗan Arsenal in aka ci shi ranar Asabar yana da mako guda ya huce. Ɗan White Sox a kakar 2024 an ci shi Litinin, an ci shi Talata, an ci shi Laraba, ga kuma Alhamis tana jiransa. Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta wasa 21 suka zubar a jere. Kwana uku bayan haka aka sallami mai horar da su, Pedro Grifol, abin kuma bai sauya zani ba.

A cikin wannan hali, a watan Agusta, dattijon nan ya ja ni filin. Jirgin ƙasa na cikin gari muka hau, jan layi, muka sauka a tashar titi na 35 a kudancin birnin. Tun daga wajen ajiye motoci mutane sun buɗe bayan motocinsu, sun kafa murhun gawayi, suna gasa nama da albasa, yara suna jifan juna da ƙwallo. Ban ci komai ba sai gyaɗa, don yawancin naman na alade ne, giya kuwa kamar ruwa. A ciki kujeru da dama babu kowa, ba zan ɓoye ba. Amma waɗanda suka zo sun zo da iyalansu: kaka a keken guragu, jariri a ƙirjin ubansa an toshe masa kunne saboda ƙara, 'yan mata da rigar ƙungiya. Ana kaɗa molon coci tsakanin jifa da jifa. A tsakiyar zango na bakwai kowa ya miƙe tsaye aka rera wata tsohuwar waƙa baki ɗaya. In ɗan gida ya daki ƙwallo ta tsallake katanga, sai allon maki ya hau feshin wuta sama, al'adar da wani tsohon mai ƙungiyar, Bill Veeck, ya kawo tun 1960.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne littafin da dattijon ya ɗora a gwiwa. Da fensir yake rubuta duk abin da ya faru, mai duka bayan mai duka, da wasu alamomi da lambobi da kowane tsohon ɗan kallo ya sani. Ga allo ƙato a gabansa, ga waya a aljihunsa, amma sai ya rubuta da hannunsa. Ya ce yana da kwali cike da irin waɗannan littattafai a gida, har da na mahaifinsa. An ci su a ranar, ya rubuta sakamakon a ƙasan shafi, ya rufe littafin, ya ce mini gobe wane ne zai yi jifa.

Tarihin ƙungiyar ma kusan duk jira ne. Sun ɗauki kofin ƙasa a 1917. A 1919 aka zargi 'yan wasansu takwas da karɓar kuɗin 'yan caca don su zubar da wasan ƙarshe, daga baya aka haramta musu wasa har abada. Sun sake kaiwa wasan ƙarshe a 1959, Dodgers ta doke su. Sai a 2005, bayan shekara 88, suka lallasa Houston Astros wasa huɗu a jere suka ɗauki kofin ƙarƙashin Ozzie Guillén. Mahaifin dattijon an haife shi bayan 1917, ya rasu kafin 2005. Wato ya yi rayuwarsa kaf yana bin ƙungiyar da bai taɓa ganin ta ɗaga kofi ba, ya kuma bar wa ɗansa ita gado. A 2021 sun ci wasa 93 suka zo na ɗaya a rukuninsu, kowa ya ce lokaci ya yi. Shekara biyu bayan nan suka zubar da 101, sai kuma 2024.

Ba wai ba sa fushi ba. Suna yi. A wasannin ƙarshe na gida sun yi ta ihu suna cewa mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ya saye ta tun 1981, ya sayar ya ba su wuri. Wasu sun rufe fuska da jakar takarda don kunya. Amma an ci su fiye da sau 50 a filinsu, kuma duk da haka tikiti sama da miliyan ɗaya aka sayar. Ban ji an fasa gilashin motar baƙi ba, ban ji alƙalin wasa ya fita da rakiyar 'yan sanda yana dafe da kai ba.

To mu fa? Ba sai na faɗa muku yadda gidan kallo yake ranar da Madrid da Barcelona za su haɗu ba, ko yadda majalisa ke kaurewa washegari a teburin mai shayi. Kuma kada wani ya ce ba mu da haƙurin bin ƙungiya. A 2024 Arsenal ta cika shekara 20 rabonta da kofin Firimiya, tun 2004, kuma 'yan Arsenal na Fagge da Tudun Wada suna nan daram, ana yi musu dariya suna shanyewa. Haƙurin dattijon nan muna da irinsa, wataƙila ma mun fi shi, don mu a kan benci muke yin namu, cikin zafi, janareta yana ɗaukewa ana tsaka da bugun fanareti. Abin da ke damuna shi ne inda muka kai haƙurin. Mun kai shi garuruwan da ba mu taɓa takawa ba, ga mutanen da in ka je neman bizar zuwa kallonsu ma da ƙyar ka samu. Yaro a Kano zai jero maka 'yan benci na Chelsea, har da kuɗin da aka sayi kowanne, amma ka ce ya kawo maka sunayen mutum biyar da suka buga wa Pillars a makon jiya sai ya tsaya bayan Rabi'u Ali.

Na san abin da za a ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. A besbol ɗin Amurka babu faɗawa gasar 'yan dagaji. White Sox ko wasa 150 ta zubar, baɗi tana nan a babbar gasa, har ma a kan ba ƙungiyoyin da suka yi rauni fifiko wajen zaɓen sabbin matasa. Mai goyon bayan da ya san ƙungiyarsa ba za ta nutse ba, haƙuri ya fi masa sauƙi. Su ma kuma ba mala'iku ba ne: a 1979, a tsohon filin Comiskey, 'yan kallo sun mamaye fili suka yi ɓarna har aka ba baƙi wasan. Ƙungiyoyin nasu dukiyar attajirai ce, in riba ta ja su sai su kwashe ta su bar gari. A watan Satumban 2024 mutanen Oakland suka kalli wasan ƙarshe na ƙungiyarsu, Athletics, a garinsu, bayan zama tun 1968. White Sox ɗin kanta saura ƙiris ta koma Florida a 1988, sai da majalisar jihar Illinois ta amince a gina mata sabon fili da kuɗin jama'a. Duk na yarda. Amma ko wannan cin amanar, ai sai wanda ya ba da amana ake yi wa ita. Mutanen Oakland sun yi kuka ne don abin nasu ne.

Kuma ni ba zan zauna wani ya ce Kanawa ba su san naka sai naka ba. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar babban wasa ya san abin da nake nufi. Tun azahar an cika, ana ta "Sai Masu Gida!" har ƙasa tana amsawa. Ban ga irin wannan a kudancin Chicago ba, ko kusa. Muna da abin tinƙaho: Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan 1-1 a gida da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Kafin Pillars ma akwai Raccah Rovers da ta ɗauki gasar ƙasa a 1978. Da Ahmed Musa ya dawo ya saka rigar a 2021, duk ƙasar sai da ta ɗauka.

Sai dai ƙaunar tamu tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa kada a ci mu a gida. Mun yi wajen shekara 12 ba a doke Pillars a Kano ba, har zuwa 2015, muka riƙa alfahari da hakan, muka saba wa kanmu cewa shan kashi a gida ba wasa ba ne, cin mutunci ne da sai an rama. Kun san sau nawa aka ci tarar ƙungiyoyinmu, ko aka kore su daga filinsu zuwa wani gari, saboda abin da 'yan kallo suka yi. A ƙarshe wa ya yi asara? Uban da ke son ya kai ɗansa ɗan shekara shida fili, ya duba ya ga ba zai iya ba. Shi ke nan an yanke igiyar. Yaron zai tashi a gidan kallo, kuma a can babu Pillars. Da ƙungiyar ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, na ga waɗanda suka tsaya mata har ta dawo a 2023, Allah Ya saka musu. Na kuma ga waɗanda ko a jikinsu, don a makon hankalinsu yana kan wanda Manchester United za ta saya.

Laifin ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, sabuwar gwamnati ta zo da sabbin shugabanni, a watsar da abin da na baya suka fara. Abin da yake na gwamnati kuwa kun san yadda muke kallonsa, na kowa ne kuma ba na kowa ba.

Ɗana a nan aka haife shi, shekararsa takwas. A makaranta sun fara wasan, ya iya riƙe gora, ya san dokokin da ni har yanzu sai na tambaya. Kwanan baya ya ce, "Baba, wace ƙungiya Kaka yake so?" Na ce Raccah. Ya ce in nuna masa. A ƙasar nan in kana son sanin wanda ya yi jifa a wani wasa na 1959, da yawan mutanen da suka shiga fili a ranar, cikin minti ɗaya za ka gani a waya. Ni na raba dare ina neman hoto mai kyau na ƙungiyar da mahaifina ya riƙa taka sayyada zuwa kallonta, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Na koma neman cikakken wasan Alƙahira na 2009, wasan da har yau in na tuna shi tsigar jikina ke tashi, don in zaunar da yaron ya ga cewa garin ubansa ya taɓa tsayawa gaban zakarun Afirka bai durƙusa ba. Da baki kawai na iya ba shi labarin, da Hausar da rabinta yake ji.

Gidajen rediyo da talabijin na Kano sun yi shekaru suna watsa waɗannan wasanni, akwai kuma tsofaffin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da ke raye. Ina roƙon duk wanda ke da kaset, ko faifai, ko hoton Raccah ko na Pillars ta 2009 a cikin akwati, ya fito da shi ya ɗora a intanet, ya rubuta shekara da sunayen waɗanda ke ciki tun da sauran masu iya gane fuskokin.